Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 Kan Gonar Koyarwa da Bincike

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'a, ta hannun Magatakarda.

Ranka ya daɗe,

Mu ma'aikatan gonar koyarwa da bincike ta wannan jami'a, wato direbobin tarakta da bakanikai da masu kula da garke da ɗakunan kaji, da masu ɗaukar bayanai a filayen gwaji, da masu gadi, da 'yan ƙwadagon da furfura ta riske su ana ce musu na wucin gadi, mun yi babban taron ƙungiya a rumfar gona, kuma bakinmu ya zo ɗaya. Mun ba hukumar jami'a wa'adin kwana 21, daga ranar da aka buga wa wannan takarda hatimin karɓa a ofishin Magatakarda, ta biya buƙatun da za mu bayyana. In wa'adin ya cika ba mu ga aiki a ƙasa ba, za mu janye hannunmu daki-daki, kamar yadda za mu zayyana a gaba.

Ba wannan ce takardarmu ta farko ba. Waɗanda suka riga ta suna nan kwance cikin fayil, kowacce da ɗan rubutu a gefenta cewa a duba. An kafa kwamiti, an sha shayi, an ɗauki hoto a bakin garke. Mun gaji da gafara sa ba mu ga ƙaho ba.

Da gangan muka zaɓi wannan lokaci. Muna cikin bazara, hadari ya fara haɗowa daga gabas, manoman ƙauyukan da ke kewaye da mu sun gama sharar gona, wasu har sun yi binne. A gonar jami'a kuwa, wadda ake cewa ita za ta nuna musu hanya, taraktoci na kan duwatsu, garmarsu ta yi tsatsa, tankin dizal babu ɗigo, rumbun taki kuma sai ɓera. Da mun so ɓarna, da sai mu yi shiru har a yi shuka, mu ajiye fartanya ranar noman firi. Ba mu so haka ba. Kwana 21 sun isa a ceto wannan damina, amma da ƙyar, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranka ya daɗe, tushen rigimar guda ne, sauran duk rassa ne. Ana tafiyar da gonar nan da kalandar ofishin Ma'aji, alhali ita da ruwan sama da cikin dabba take aiki. Daminarmu wata huɗu ce zuwa biyar. Masara tana son takin farko cikin mako biyu da shuka, tana son yuriya a tsakanin mako na huɗu da na shida. Takardar neman kuɗin takin kuwa sai ta tashi daga teburin manajan gona, ta je wurin Shugaban Tsangaya, ta wuce ofishin sayayya, ta kwana wurin mai binciken kuɗi, ta dawo saboda wani ya ce a nemo farashi daga 'yan kasuwa uku. Ranar da taki ya iso, masara ta yi ɗorawa, ta fitar da bunu a kan kara siriri. A littafin Ma'aji an saki kuɗi, an sayi taki, an rufe fayil. A gona an yi asarar shekara. Kuɗin da ya zo bayan lokacinsa, a wurinmu, daidai yake da wanda bai zo ba, sai dai ma ya fi muni, domin shi ne ake nuna mana idan muka yi ƙorafi.

Ga manomi, shekarar da ta lalace asarar hatsi ce. A filin gwaji abin ya wuce nan, kuma wannan ne muke jin masu riƙe da alƙalami ba su gane ba. Ɗalibin digiri na uku da ke gwada irin dawa yana buƙatar damina biyu ko uku a jere, a fili ɗaya, a shuka kowane fegi rana ɗaya, a nome rana ɗaya, a auna tsayin kara da ranar fitar kai da nauyin tsaba. In an nome rabin fegin yau, saura sai bayan kwana goma saboda ba a biya 'yan ƙwadago ba, to abin da ya auna bambancin ciyawa ne, ba na iri ba. In shanu suka keta shingen da ya faɗi suka kwana a gwajin, shi ke nan, sai wata daminar. Mu ne muke tsaye kusa da waɗannan ɗalibai ranar da suke kallon aikinsu a tattake. Wasunsu da bashi suke karatu.

Ba mu ƙirƙiri ma'aunin da muke auna gonarmu da shi ba, a Arewar nan yake. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru ta Zariya, kuma a 1962 cibiyar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can aka kafa wani gwajin taki a 1950, inda ake kwatanta takin shanu da takin zamani a fegi-fegi, aka bi shi shekara da shekaru, irin wanda Turawa suka fara a Rothamsted ta Ingila tun 1843. Darajar irin wannan gwaji ba ta cikin buhun da za a samu bana, tana cikin rashin yankewa. Da kuturtar gyaɗa ta afka wa Arewa a 1975 ta cinye kimanin hekta dubu 700, daga filayen gwaji aka fito da ire-iren SAMNUT masu jure cutar. Waken SAMPEA 20-T da aka saki a 2019, mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, ya ci kusan shekara goma ana gwada shi. Can Shika, gonar dabbobin da aka buɗe a 1928 ita ce ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a 1976, kuma daga nan kazar ƙwai ta Shika Brown ta fito. Sunan farfesa ne yake kan takardar, kuma ya cancanta. Amma wani ne ya ɗaure jakar takarda a kan kowace zangarniya don kada ƙurar wata ta shiga, wani ya kori tsuntsu tun asuba, wani ya riƙe sikeli. Mu ne irin waɗannan mutane a wannan jami'a, don haka mun san abin da ake zubarwa.

Ɗakin ajiyar iri ya fi komai damunmu, kuma ba a ganinsa daga titi. A ciki akwai kaura da farfara da maiwa da kanannado da wasu irin gida da malamai suka bi ƙauyuka suka tattaro daga hannun tsofaffi, wasu ma ba a shuka su yanzu a inda aka samo su. Iri rai ne da shi. Zafi da laima suna kashe shi sannu a hankali, shi ya sa ake ajiye shi a sanyi, kuma ake fitar da shi lokaci-lokaci a shuka a sabunta. Na'urar sanyaya ɗakin ta daɗe da mutuwa, gunda ya shiga kwalabe. Tarakta in ta lalace ana sayen wata. Irin da ya mutu ba kasuwar da za a same shi.

Sai ɗalibai. Digirin aikin gona shekara biyar ne a tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, kuma shekara ta huɗu an ware ta ne don aikin hannu a gona. A cikinta ya kamata yaro ya ja kunya, ya daidaita injin feshi, ya yi wa ɗan maraƙi allura, ya gane ƙuduji tun bai yi fure ba, ya riƙe littafin kashe kuɗi da na samu. Abin da muke yi yanzu shi ne mu tara su a inuwar mangwaro mu nuna musu tarakta da yatsa, mu ce da tana tashi ga yadda ake ɗaura mata garma. A ƙarshen shekara a miƙo mana littattafansu mu sa hannu cewa sun yi. Sai kuma lokacin tantance kwasa-kwasai ya zo, kuɗi ya fito kamar daga sama: a yi wa shinge fenti, a yi aron tarakta mai tashi, a cika ɗakin kaji da tsaki, a ce mu sa sababbin riguna. Baƙi na juya baya a kwashe komai. Wanda ya iya nemo kuɗin kwana uku don idon baƙo, bai kamata ya ce mana babu na damina ba. Gobe waɗannan yara ne za a tura karkara a matsayin malaman gona, su tsaya gaban dattijon da ya shekara arba'in da hauya a kafaɗa. In ya tambaye su abin da ba su taɓa yi da hannunsu ba, sunan jami'a ne zai zube, ba namu ba.

Maganar dabbobi mun fi so ku zo ku gani da ido, don gani ya kori ji. Garken Bunaji da Bokoloji da aka shekara ana zaɓen iyayensa ya rame har ana ƙirga haƙarƙari. Ba a tanadi harawa da kaka lokacin da take araha ba, ba a yanka gamba an adana ba, yanzu kuma ana neman dusa da angurya a farashin bazara. Allurar ciwon huhu da ta harbin daji, waɗanda a Vom ake yin su ba a ƙasar waje ba, lokacinsu ya wuce ba a yi ba. Kwarmin maganin da ake tsoma ƙafa a ƙofar ɗakin kaji ya bushe, kamar ba mu ne muka ga abin da murar tsuntsaye ta yi ba tun da ta ɓulla a Jaji a 2006. Kaza mai ƙwai in ta yi kwana biyu ba abinci, sai an yi makonni kafin ta dawo daidai, wata ma ba ta dawowa. Sau nawa ma'aikaci ya cire daga albashinsa ya sayo dusa don ba zai iya sauraron kukan dabba ba? Takardun neman a mayar masa da kuɗinsa su ma suna cikin fayil.

Abin haushin shi ne gonar tana kawo kuɗi. Ana sayar da ƙwai da madara da kifi da dashen itatuwa da masarar da ta rage bayan gwaji. Tun da aka tilasta tsarin asusun bai-ɗaya a 2015, kuɗin da ya shiga ba ya tsayawa a gona. Ba mu da ja da manufar toshe ɓaraka, mu ma muna so a san inda kowane kwabo ya shiga. Amma ba dokar da ta hana jami'a ta ware wa gonarta kason da zai riƙa juyawa, ta kuma ba manaja ikon taɓa shi a kan ƙa'ida. Yadda ake yi yanzu, kuɗin ƙwai yana fita cikin yini ɗaya, kuɗin abincin kazar da ta saka ƙwan kuma yana dawowa bayan wata uku. Daga nan sai a zauna a majalisa a ce gona ba ta riba, a fara raɗe-raɗin ba da ita haya ga ɗan kasuwa. A nan muna so a ji mu da kyau. Gonar koyarwa ba za ta taɓa yin ribar gonar kasuwa ba, kuma ba don haka aka kafa ta ba. A filin gwaji da gangan ake barin fegi ba taki, da gangan ake barin wani ga tsutsa, don a ga bambanci. Ɗalibi yana karya abu kafin ya iya. Ɗan kasuwa ba zai yarda da ko ɗaya ba, kuma ba laifinsa. Ba a tambayar ɗakin karatu nawa ya kawo bana.

Ƙasar gonar kanta ana yankarta. Yau a ce za a gina ɗakin kwanan ɗalibai, gobe shaguna, jibi a ga an kafa turaku an yi fuloti. Mai zanen gini yana kallon taswira ya ga fili ba komai. Mu muna ganin ƙasar da aka san tarihinta, abin da aka shuka a kanta da takin da ta sha shekara bayan shekara, kuma wannan sanin ne ya sa take da amfani ga bincike. Masarar iri tana buƙatar tazarar mita ɗaruruwa daga kowace masara, in ba haka ba iska ta gauraya su. Gida ɗaya da ɗan lambunsa a gefen filin ya isa ya ɓata irin da aka shekara ana tacewa. Ga kuma shinge da ya zube, ga masu gadi da tocila ba batir. Ba mu da rigima da makiyayan da ke maƙwabtaka da mu, da yawansu mun san su sun san mu. Saniya dai ba ta karanta allon da aka rubuta filin gwaji.

Mun bar kanmu a ƙarshe, ba don mun fi komai arha ba. Akwai mutanen da suka shiga gonar nan da ƙuruciyarsu, yau 'ya'yansu sun yi aure, har yanzu ba su da takardar ɗaukar aiki, alhali sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 a 2024, su ko labarinsa bai iso aljihunsu ba, ɗan abin da ake ba su ma sai ya taru wata da watanni. Muna feshin maganin ciyawa da na ƙwari da tsumma a hanci, ba safar hannu, ba takalmin roba. Kububuwa tana cikin ciyawar nan, asibitin jami'a kuma ba maganin dafin maciji. Wanda injin sussuka ya cinye wa yatsu, karo-karo muka yi masa, ko da yake Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 tana nan.

Mun san za a ce ba kuɗi, kuma ba mu ce ƙarya ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, fetur ɗin injin ban-ruwa da taki da kayan gyara da magani duk sun yi tashin gwauron zabo, a kasuwa ɗaya muke sayayya da ku. Sai dai a cikin wannan rashin ne muka ga sababbin motoci sun shigo, aka sake ƙofar jami'a, aka yi bikin yaye ɗalibai da rumfuna masu sanyi. Yawancin abin da muke nema ma ba ƙarin kuɗi ba ne, a saki wanda aka riga aka ware ne a kan lokaci.

Ga abin da muke so a yi kafin wa'adi ya cika. A cikin mako na farko a saki kuɗin damina gaba ɗaya, dizal da taki da iri da magani da ladan ƙwadago, a kuma tayar da aƙalla taraktocin da bakanikanmu suka ce kayan gyara kawai suke jira. A cikin makon nan dai a kawo abincin dabbobi a yi musu allurai, a gyara sanyin ɗakin iri ko a kwashe irin zuwa inda wuta ba ta ɗaukewa. Waɗannan ba sa jiran zaman kowace majalisa, sa hannunku ya isa. Kafin kwana 21 su ƙare muna so mu ga takarda, ba alkawarin baka ba, da ta kafa asusun gona mai juyawa, wanda kaso sananne na cinikin gona zai riƙa komawa cikinsa, a riƙa bincikensa duk wata uku, mu ma da wakili a wurin. A biya 'yan ƙwadago bashinsu, a fitar da jadawalin tabbatar da waɗanda suka daɗe, a raba kayan kariya, a ajiye maganin dafin maciji a asibiti. A dakatar da duk wani yankan fili da duk wata maganar haya har sai an auna gonar, an kafa alamun iyaka, an kai taswirar gaban Majalisar Gudanarwa. Sannan a kafa hukumar gona mai zama da gaske, da malaman tsangaya da likitan dabbobi da wakilin ma'aikata da na ɗalibai, wadda za ta riƙa amincewa da kasafin damina tun watan Fabrairu.

Shekara da shekaru an dogara da abu ɗaya, cewa ma'aikacin gona ba ya iya yajin aiki. Akwai gaskiya a ciki. Lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, azuzuwa a kulle suke, amma mu kullum muna nan da asuba muna tatsa muna zuba dusa, har da ranar Sallah. An mai da tausayinmu ga dabba takunkumi a bakinmu. Wannan karon mun zauna mun tsara yadda za mu yi ba tare da mun zalunci abin da ba ya magana ba.

Ranar da wa'adi ya cika za mu rufe shagon gona. Ba sayar da ƙwai, ba madara, ba kai kaya gidajen manya, ba yankan ciyawar ofisoshi, ba ba da tarakta haya. Za mu rubuta duk abin da aka samu a gaban shaidu. Bayan mako guda, in ba a motsa ba, za mu daina sa hannu a littafin aikin kowane ɗalibi, kuma ba za mu tarbi kowace tawagar tantancewa ko baƙon da aka kawo yawon gani ba. In an tambaye mu, za mu faɗi abin da yake aro da abin da yake namu. Bayan mako na biyu sai yajin aikin sai-baba-ta-gani, mu fice daga filayen noma baki ɗaya. Za mu bar 'yan mutane kaɗan da za su riƙa ba dabbobi ruwa da duk abincin da hukuma ta kawo, da masu gadin ɗakin iri. In abincin bai zo ba, za mu rubuta wa likitan dabbobi da Magatakarda kowace safiya, don a san a wuyan wa alhakin yake.

Mun san sashe na 43 na Dokar Sasanta Rikicin Ƙwadago, wanda ake yi wa take da ba aiki ba albashi. Ba sai an karanta mana ba. Mutumin da yake bin bashin watanni ba a tsorata shi da riƙe albashi. Muna kuma gargaɗi cewa in aka canja wa wani wurin aiki ko aka kore shi ko aka aika masa takardar tuhuma saboda wannan wasiƙa, to a ranar wa'adin ya ƙare, ko da saura kwana ashirin.

Malamanmu na tsangaya, gwaje-gwajenku ne a kan layi, kada ku tsaya kallo. Ku kai maganar majalisarku. 'Yan'uwanmu ɗalibai, ku yi haƙuri, ba da ku muke ba, kuma kada kowa ya fasa ko gilashi ɗaya da sunan goya mana baya. Ku gaya wa iyayenku gaskiyar abin da kuke yi a shekarar aikin gona, su ne suke biyan kuɗinta.

Ranka ya daɗe, shugabannin ƙungiya a shirye suke su zauna da ku kowace rana, dare ko rana, cikin waɗannan kwanaki. Roƙonmu ɗaya, a yi zaman farko a gona, ku zo da Ma'aji, a fara da ɗakin iri da garke kafin a zauna. Mun aika kwafin wannan takarda ga Shugaban Majalisar Gudanarwa da Shugaban Tsangayar Aikin Gona da uwar ƙungiyarmu da ofishin ƙwadago na jiha. Ƙirga za ta fara daga ranar da aka buga hatimin karɓa, kuma ba za mu ƙara ko kwana ɗaya ba.

Wassalam.

Shugaba da Sakatare, a madadin ɗaukacin ma'aikatan gona.